Matar da Ta Yi Ciniki da Tsatsa

A wani gari an yi wata mace mai suna Tabita, sana'arta wanki da guga. Tana da injin wanki guda ɗaya, tsoho, babba, irin na dā mai bahon ƙarfe, wanda aka shafe cikinsa da farin shafe kamar na kwanon langa. A gwanjon kayan wani asibiti ta saye shi. Kwana uku ta yi tana zarya wurin mai gwanjon, ta taya ta tafi, ta dawo ta sake tayawa, har mutumin ya gaji ya ce, “Ɗauki, Mama, ɗauki, ki bar ni in ci abinci.” Ko a kasuwa haka take. Mai tumatir in ya hango ta sai ya fara gyara zama. Ba ta taɓa sayen abu yadda aka fara yi mata suna ba, kuma wannan ba laifi ba ne. Macen da ba ta iya ciniki ba, 'yan kasuwa ne ke cin guminta.

Abin da Tabita ta fi taƙama da shi shi ne farin kaya. Farar riga in ta fito daga hannunta, sai ka kāre ido da hannu. Saboda haka kowace shekara ita ake ba rigunan baftisma na ikkilisiya ta wanke. Riguna ne farare guda goma sha huɗu, matan zumunta suka ɗinka su da hannunsu, ana ajiye su a akwati sai lokacin gangarawa rafi ya yi. Shekara tara tana wanke su. Ba ta karɓar kome a kan wannan aiki. Sunan ya ishe ta. In masu baftisma suka jeru a bakin rafi fari fat, sai ta ji mata suna raɗa, “Hannun Tabita ne,” ita kuwa ta ƙara gyara ɗaurin ɗankwali.

Amma akwai abin da ba wanda ya sani sai ita. Shekara biyu ke nan da wani ɗan jan ɗigo ya fito a gindin bahon, can kusa da inda ruwa ke fita. Da fari kamar ƙwayar gero. Ta goge, ya dawo. Bayan damina ɗaya wurin ya ɓule, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa, ɗis, ɗis. Sai ta riƙa gutsuro sabulu tana cusawa a hudar. Ta tura wani tsohon kwano ƙarƙashin injin, ta saki ƙyalle ya rufe kwanon. In maƙwabta sun shigo kallon injin, fari fes suke gani, su yaba su tafi.

To, ran wata Talata, Mama Lidiya, shugabar zumuntar mata, ta kawo akwatin rigunan da kanta.

“Lahadi za mu gangara rafi, Tabita. Bana duk rigunan za su sami masu sawa, ba ko ɗaya da za ta rage.”

“Ki sa ranki a inuwa, Mama. Za ki gansu.”

A ranar kuwa sabulu ya ƙi riƙe hudar. Kafin a gama wanki ɗaya kwano ya cika ya tumbatsa. Tabita ta ga babu makawa. Ta kira mai baro, aka ɗora injin, aka tura shi zuwa rumfar wani tsohon mai walda da ake kira Baba Filibus.

Baba Filibus ya duba hudar. Ya ɗauko 'yar guduma, ya sunkuya cikin bahon, ya fara ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. A sama ƙarfen yana amsawa ƙwal, ƙwal. Da ya gangara kusa da hudar sai ƙarar ta mutu, ta koma kamar ana buga danyen itace. Ya ɗauki alli ya zana da'ira kewaye da hudar, faɗinta ya kai tafin hannu da yatsu a buɗe.

“Mene ne wannan ka zana mini, Baba? Taswirar gona?”

“Iyakar tsatsa ke nan, 'yata. Ta bi ta ƙarƙashin farin shafen, ta ci ƙarfen. Duk wannan zan kankare sai lafiyayyen ƙarfe ya fito. Inda ya ruɓe in yanke. Sa'an nan in ɗora sabo in yi walda. Juma'a ki zo ki ɗauka.”

Tabita ta dafe ƙirji. “Wayyo ni! Na kawo maka hudar da ko kan ashana ba zai shiga ba, kai kuma za ka mayar mini da ita taga?”

“Wadda kike gani ƙofa ce kawai. Ɓarnar tana ciki.”

“Farin nan da kake gani, Baba, mutane daga wata unguwa suke zuwa kallonsa. In ka kankare, zai dawo haka?”

“Ba zai dawo ba. Tabo zai zauna. Amma zai riƙe ruwa.”

Tabita ta ja kujera ta zauna, ta gyara zani, irin zaman da take yi in ciniki ya zo.

“To, mu yi magana ta manya. Kankare faɗin yatsa ɗaya.”

Baba Filibus ya ɗago kai ya dube ta, ya ɗauka wasa take yi.

“Yatsa biyu, don furfurarka.”

“'Yata...”

“Uku. Uku na ce, kuma ban ƙara ko ƙumba. Ka sallama mu tashi.”

Tsohon ya ajiye guduma. “Ladan aikina ki rage shi yadda ranki ke so, ba za mu yi faɗa ba. Amma zanen nan ba ni na yanka shi ba, balle in yi miki ragi. Tsatsa ce ta yanka. Ni na bi sawunta ne kawai da alli.”

Sai Tabita ta yi abin da bai taɓa ba ta kunya ba. Ta miƙe, ta karkaɗe zani, ta ce wa mai baro, “Ɗauki mu tafi.” Ta fara tafiya a hankali, taku ɗaya, taku biyu, kunnenta yana baya, tana jiran a ce, “Dawo, Mama, kawo.” Ta kai bakin rumfa, shiru. Ta kai bakin titi, shiru. Ta waiga. Tsohon ya riga ya juya baya yana gyaran ƙafar wani gado. Tunda take, ba a taɓa barinta ta kai titi ba. Abin ya ba ta mamaki, ya kuma ba ta haushi.

A bakin tasha akwai wani mutum mai suna Tanko, mai facin bokiti da jikin mota. Tun daga nesa ya taso da fara'a.

“Mama, Mama! Wannan inji haka kamar daga kanti? Me ya same shi?”

Ta nuna masa hudar da zanen allin, ta gaya masa abin da tsohon ya ce.

“A kankare? Haba! Wannan farin? Ai zunubi ne. Tsofaffin nan ba su iya kome ba sai ɓarna.” Ya sa hannun rigarsa ya share allin tas. “Kin ga? Ina tsatsar? Ni ban ga tsatsa ba.”

“Yatsa nawa za ka kankare?”

“Ko rabin yatsa ba zan taɓa ba, Mama.”

Ya kwaɓa wani ƙulli mai ruwan toka irin wanda ake shafa wa jikin mota in ta lotse, ya liƙe hudar ciki da waje, ya lailaye da yatsa, ya jira ya sha iska, ya bi shi da farin fenti. Kafin rana ta karkata an gama. Ko ita da ta san wurin sai da ta laluba kafin ta gane inda hudar take. A kan ladan aikin ma sai da ta matse shi har ya ce, “Kai, Mama, ke ba a cin nasara a kanki.” Wannan magana ta yi mata daɗi ƙwarai.

Da za su koma gida, ta sa mai baro ya bi ta gaban rumfar Baba Filibus, ta ce ya rage sauri.

“Baba, sannu da aiki! Ga shi an gyara, kuma ba a buɗe mini taga ba.”

Tsohon ya leƙa cikin bahon, ya daɗe yana kallo. “Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki sa ruwan zafi a ciki, kada ki sa farin kaya.”

“Farin kaya kuwa zan sa,” in ji ta.

Laraba ta wanke kayan mutane da ruwan sanyi, ko ɗigo bai zuba ba. Alhamis haka, Juma'a haka. Ta janye tsohon kwanon daga ƙarƙashin injin ta jefar da shi bayan gida.

Asabar da hantsi aka kawo wuta. Tabita ta tafasa ruwa, gama farin kaya sai da ruwan zafi. Don kada a ɗauke wutar aikin ya tsaya rabi, ta zuba rigunan duka goma sha huɗun a lokaci ɗaya, ta zuba garin sabulu, ta rufe murfi, ta kunna. Ana cikin haka mai tallar bula da sitaci ya tsaya da kekensa a ƙofar gida, ta fita wurinsa. Suna tsakiyar ciniki ta ji kukan injin ya sāke, ya koma wani ƙarar-ƙarar kamar ana jan kwano a kan dutse. Ta ji sarai. Amma mutumin ya kusa sallamawa, ta ce bari ta ƙarasa.

Da ta juyo da ƙullin bula a hannu, sai ta tsaya cik.

Jan ruwa ne ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin wanki, ya ratsa tsakar gida yana tururi, kamar inda aka yanka akuya. Bula ta faɗi daga hannunta. Ta ruga ta kashe injin, ta ɗaga murfi.

Liƙin ya ɓare ɗungum, ya tafi da farin shafen da ke kewaye da shi, daidai faɗin da'irar nan da aka share. Ruwan ya tsiyaye. Injin kuwa ya yi ta murza rigunan a kan ruɓaɓɓen ƙarfe mai kaifi. Ta jawo riga ta fari. Ja, tun daga wuya har ƙasa. Ta jawo ta biyu. Ja, ga kuma yaga a ƙirji har hannu na shiga. Ta uku. Ta huɗu. Ta yi ta jawowa tana cewa a ranta, wata za ta tsira, ko guda ɗaya za ta tsira. Ta goma sha huɗu ta fi duka muni, gama ita ce a ƙasa.

Tabita ta zauna a cikin jan ruwan nan da zaninta, ta ɗora hannu biyu a ka.

Da hankalinta ya ɗan dawo, ta tsinke duk lemun tsamin da ke bishiyar gidan, ta matse a kan rigunan, ta barbaɗa gishiri, ta shanya a rana. Ta cuɗa har fatar yatsunta ta saluɓe. Jan ya ɗan dusashe, ya koma ruwan ƙasa, ya tsaya nan. Yagar kuwa lemun tsami ba ya ɗinke ta.

Da la'asar ta ninke su cikin akwatin, ta ɗora a ka. Hanyar gidan Mama Lidiya ba ta da nisa, amma ranar kamar ba za ta ƙare ba. Ta iske ta tana tankaɗe a tsakar gida.

“A'a, har an gama? Sannu, Tabita, Ubangiji ya sāka miki. Kawo in gani, in wanke idona.”

Mama Lidiya ta goge hannu, ta buɗe akwatin, ta ɗaga riga ɗaya sama. Murmushin ya bushe a fuskarta. Ta ajiye ta ɗauki wata. Ta ɗauki wata.

“Yesu Mai Ceto! Tabita! Mene ne wannan?”

“Mama, wani mai faci ne a bakin tasha...”

“Facin me?”

“Injin ne ya ɓule.”

“Yau ya ɓule?”

Tabita ta dubi ƙasa. “Ya fi shekara yana yoyo.”

Mama Lidiya ta lalubi turmi ta zauna a kai, rigar tana cinyarta. Da ta yi magana, a hankali ta yi, kuma da ta yi faɗa da ya fi sauƙi.

“Ran Talata na miƙa miki akwatin nan hannu da hannu. Kika ce in sa raina a inuwa. Da kin ce mini injinki na yoyo, ai mu goma ne da mun zo da bokitai mun wanke da hannu muna waƙa.”

Kashegari aka gangara rafi. Masu baftisma suka jeru kowa da kayan jikinsa, wannan da atamfa, wancan da rigar makaranta. A cikinsu akwai wani tsoho da ya haura shekara saba'in kafin ya ba da gaskiya. Kunnensa ya yi nauyi, don haka da ƙarfi yake magana. Ya juya ya tambayi fasto, kowa na ji, “Ina farar rigar da aka ce za a sa mini? Na gaya wa jikokina su zo su gan ni da ita.” Ba wanda ya ambaci sunan Tabita. Waigowa kawai mutane suka yi, ɗaya bayan ɗaya, zuwa inda take tsaye can baya a gindin wata bishiya. An yi baftismar, gama ba riga ke yin ta ba. Matan zumunta suka ɗinka sababbin riguna daga baya, amma ba a ƙara kai akwatin gidan Tabita ba.

Ran Litinin da safe ta sake kiran mai baro. Baba Filibus bai ce mata “Ai na gaya miki” ba. Ya ɗauko 'yar gudumarsa ya ƙwanƙwasa, ya ɗauki alli ya zana. Wannan karon da'irar ta fi ta fari, gama ƙarfen ya tsage ya yi gaba.

Bakin Tabita ya buɗe da kansa. “Baba, ashe ba za a ɗan...” Sai ta kama leɓenta da yatsu. Ta haɗiye sauran. Ta ce, “Kankare.”

Ta zauna tana kallo. Ya sa burushin waya, ya sa samfefa, jan gari yana zuba yana taruwa a ƙasa kamar barkono. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin. Ramin ya yi ta faɗi har ta hango ƙafafun tsohon ta cikinsa. Kowace kankara a jikinta take jin ta. Can sai gefen ramin ya fara ƙyalli, ƙarfe mai rai ya fito.

“Kin gani?” in ji Baba Filibus. “A nan walda ke kamawa. A kan tsatsa ba abin da ke zama.”

Ya ɗora sabon ƙarfe, ya bi shi da wuta. Da aka gama, tabo ya zauna a gindin bahon, baƙi, babba, ba kyan gani. Duk wanda ya leƙa sai ya gan shi. Amma daga ranar injin bai ƙara ɗigar da ruwa ba, na sanyi ko na zafi.

To, ga abin da misalin nan ke nufi, 'yan'uwa.

Bahon nan zuciyar mutum ce. Tsatsa kuwa zunubin da muka sani, muka kuma ɓoye. Ba ya farawa da girma. Ɗan ɗigo ne, 'yar ƙarya, ɗan ƙyashi, maganar da aka yi mana shekara goma da ta wuce muka ƙi saki. Mukan toshe shi da zuwa sujada, mu rufe shi da kwalliyar Lahadi, mutane su leƙo su ce, kai, wannan baiwar Allah fari fes take. Alhali a ƙarƙashi yana ci.

Tsohon mai walda, shi ne misalin Ubangiji. In ya ƙwanƙwasa zuciya, ba inda muka nuna masa kaɗai yake dubawa ba. Mu kuwa sai mu ja kujera mu zauna ciniki. Ya Ubangiji, zan bar gulma, amma gabar da nake yi da matar ƙanena ka bar mini ita. Zan roƙe ka gafara a ɗaki, amma kada ka ce in je in durƙusa wa wadda na ɓata wa suna. Zan bar sha ran Lahadi, sauran kwana shida mu raba. Har mukan yi masa fushi mu juya baya, muna tafiya a hankali, wai ko zai kira mu ya rage. Kira kam yana kira, dare da rana yana kira. Amma ragi ba ya yi. Ba don taurin zuciya ba. Don ya san iyakar inda abin ya ci, mu ba mu sani ba.

Masu irin halin Tanko kuma ba sa ƙarewa. Suna cikin ƙawayenmu, wani lokaci ma suna riƙe da littafin waƙa. Su ne masu cewa, “Haba, wannan ai ba kome ba ne, kowa na yi.” Maganarsu da daɗi, aikinsu da sauri, kuma yana riƙewa muddin ruwan sanyi ne. Bari ranar zafi ta zo, ciwo, ko rashi, ko fushi, ku ga abin da zai fito.

Abin da ya fi ban tsoro kuwa shi ne wannan, ku kasa kunne da kyau. Rigunan da suka lalace ba na Tabita ba ne. Amana ce. Zunubin da kika ɓoye ba ke kaɗai zai ɓata ba. Zai fito a kan 'ya'yanki, a kan aurenki, a kan sabon mai bi da ke kallonki yana koyon tafiya. Su ba su san da huda ba. Sun miƙo miki abinsu fari, da hannu biyu.

Ku yi ciniki a kasuwa, ku matsa sosai, kada kowa ya cuce ku. Amma in kun zo gaban Mai Ceto, ba kasuwa kuka zo ba. Kankara da zafi, ba mai cewa babu zafi, tabo kuma yakan zauna har mutane su gani. Gara tabon.

Yanzu mu sunkuyar da kai. Kada kowa ya dubi na kusa da shi. Kowa ya san nasa, ya san tun yaushe. Ya kira shi da sunansa a gaban Allah, ya faɗe shi duka.